Takardar da Baba bai sa wa hannu ba

Ranar Talata da hantsi aka kira ni, ina ɗakin karatu na jami'a. Wani ɗan kasuwa ne da ban ma ajiye lambarsa ba. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Malama, sai haƙuri, Baba ya cika." Na ce, "Wane Baba?" Sai ka ce muna da biyu a garin nan. Shi ya ja Inna lillahi har ƙarshenta. Ni bakina bai buɗe ba sai da na tsinci kaina a cikin metiro, jirgin ƙasan cikin gari, riƙe da ƙarfe, ina faɗar ta a hankali tsakanin mutanen da ba su san me nake cewa ba. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Hawan jini ne ya kayar da shi a shago ranar Lahadi, ya kwana biyu a asibiti, shike nan.

A wani ofishin kago na masu aika kaya gida, a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou na China, aka yi zaman makoki, domin nan ne kaɗai wurin da zai ɗauke mu. An tura kwalaye jikin bango, an shimfiɗa dardumai. Mu mata muka sami lungu bayan dilolin atamfa. Kowa ya gaji tun ba a fara ba, don an riga an san gawa ba za ta tafi gida yau ko gobe ba. Sai takardar asibiti, sai ta 'yan sanda, sai ta ofishin jakadanci, sai kuma an sami jirgi. Mu da muka saba a yi wa mamaci sutura kafin la'asar, muka zauna muna lissafin kwanaki.

Wani Alhaji mai safarar takalma yana ta share ido da hularsa, yana cewa Baba ne ya tarbe shi a filin jirgi zuwansa na farko, ya nuna masa inda ake sayar da naman da musulmi zai ci. Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Tsoho ya tafi, yanzu wa zai raba mu in mun tashi faɗa?" Aka ɗan yi dariya. Sai mai ofishin ya gyara murya ya ce, "Irin Kanawan da ke nan, na cikin ganuwa. An daina yin irinsu." Kowa ya ce ƙwarai kuwa. Ni na sunkuyar da kai ina murza gefen mayafina, domin a ɗakin nan ni kaɗai na san Baba ba Bakano ba ne.

Ana cikin haka tsohuwar da ta ba shi hayar shago ta iso, 'yar China gajeriya mai furfura, da ledar lemu a hannu. Ta tsaya a ƙofa ta cire takalmi, ba wanda ya ce ta cire. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Laoban meyo." Laoban shi ne maigida a bakinsu, meyo kuwa babu. Ta ajiye lemun a gefen darduma ta juya. Nan ne kuka ya ƙwace mini.

Ba zan faɗi sunansa ba, kuma za a ga dalili. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, na gama kundin digirina na uku, a kan rayuwar 'yan asalin ƙasa waɗanda birni ya zo ya tarar, da haƙƙin da ya rage musu. Duk kaurin kundin nan babu Baba ko a layi ɗaya, alhali shi ya koya mini rabin abin da na sani. Abin yana cina, kuma na gaji da ajiye shi a ciki.

Ni 'yar Zariya ce, malamar jami'a da aka ba hutun ƙaro karatu. Na baro miji da 'ya'ya uku. Kawuna, wanda suka yi zaman kasuwa tare da Baba a Kano, shi ya rubuta mini lambarsa a bayan wani katin biki ya ce, "In kin sauka ki nemi wannan, ubanki ne." Haka kuwa aka yi. Na same shi a wani ɗan shago a bene na uku, yadudduka har rufi, dattijo baƙi kakkaura mai gajeren wuya, da butar shayi a gefen ƙafarsa. Ya shekara ashirin da wani abu a Guangzhou yana saya wa 'yan kasuwar gida kaya. Ya tambaye ni me na zo karanta. Na zage na yi masa bayani irin namu na 'yan boko, minti goma ba numfashi. Da na gama ya ce, "To, an ji, an gode. Kin ci abinci?"

Wannan "an ji, an gode" da ita yake sallamar duk wanda ya zo masa da cika baki, dillali ne ko mai wa'azin da ya yi tsawo. Ba ya ɗaga murya. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya kuma bari a ci a tsaye a gabansa. In 'yan kasuwa biyu suka kawo masa ƙara, ba ya sauraron kowa sai sun ci daga kwano ɗaya. Kafin su suɗe hannu rabin faɗan ya mutu. Ya ƙi jinin lifta, bene ukun nan da ƙafa yake hawansa yana huci. Ga shi da son doya kamar me. Sai ya ɗauki jaka ya tafi har unguwar Liwan neman ta, ya dawo da irin tasu ta nan, doguwa siririya, yana ɗaga ta yana tsaki: "Ku dubi abin da suke kira doya. Wannan ai sanda ce." Ni kuwa Dakta yake kirana tun ranar farko, don tsokana. In na ce ban zama ba tukuna, sai ya ce, "Ai wahalar kin riga kin sha."

A shekarata ta biyu mahaifiyata ta rasu. Fasfona yana wurin sabunta biza, ba halin tafiya. Na kwanta a ɗakina na unguwar Panyu na kashe waya. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Baba a tsaye da filas ɗin kunu. Ya yi tafiyar fiye da awa ɗaya a metiro, shi da gwiwa take ciwo. Bai shigo ba. Daga bakin ƙofa ya ce, "Tashi ki sa mayafi. Ba za a ce uwarki ta rasu ba a zauna ba." Ya rufe ciniki kwana uku a tsakiyar hada-hadar kayan sallah, ya shimfiɗa darduma a shagonsa, ya zauna a mazaunin uba yana karɓar gaisuwa. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa hawowa bene suna yi mini ta'aziyya. Wani ya tambaye shi yaya muke da shi, ya ce, "'Yata ce. Me ya dame ka?"

Aikina ya haɗa wuri biyu. Ɗaya shi ne ƙauyukan da Guangzhou ta haɗiye, irin Sanyuanli ɗin nan, inda gonaki suka zama kasuwanni, masu gari kuma suka ɗora benaye a kan filin gidajensu suna ba baƙi haya. Ɗayan kuma mutanen da aka tarar a ƙasar da aka gina Abuja, Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari. Tsohuwar mai shago tana cikin waɗanda na yi hira da su. Ita da Baba kullum da la'asar sai sun sha shayi a bakin matakala, ba yare ɗaya tsakaninsu, sai nuni da hannu. Wata rana ina nan ta nuna masa ƙofar metiro ta yi alamar shuka, wai nan gonar kabejin ubanta take. Na ga Baba ya daɗe yana kallon wurin yana gyaɗa kai. A lokacin na ɗauka kara ce kawai yake yi mata.

Yadda na gane shi kuwa, an kawo kaya ne a babur mai ƙafa uku, 'yan dako sun tafi cin abinci, ga hadari ya haɗo. Kowa ya kama. Wani ɗan kasuwa ya ɗaga dila zai aza wa Baba a ka, shi a ganinsa taimako ne. Wallahi ban taɓa ganin ya fusata haka ba. Ya kauce ya daka masa tsawa: "Kai! Ba a ka ba!" Ya duƙa, ya jawo dilar ya ɗora ta a bayan wuya, kan kafaɗa, ya dafe da hannu ɗaya ya hau bene. Mutane suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba, yau kuma Bagware ka zama?" Aka sake kwashewa. Shi bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba, domin na yi wata huɗu a ƙauyukan gefen Abuja, na ga tsofaffin mata suna ɗaukar itace daidai haka, sun kuma gaya mini a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya.

Da aka watse na ce, "Baba, kai mutumin ina ne?"

Ya ce, "Kano."

Na ce, "Kafin Kano fa?"

Ya zuba shayi ya kurɓa, ya ce, "Dakta, kin cika tambaya."

Sai bayan mako biyu, na ma daina sa rai, yana ninke yadi bai ko dube ni ba ya ce, "Titin da kika riƙa bi zuwa masaukinki a Abuja, wataƙila kin taka kabarin kakata."

A hankali labarin ya fito, gutsure-gutsure. Yana ɗan shekara sha bakwai wasu ma'aikata suka zo garinsu da mota da fayil. Suka ƙirga ɗakuna, suka ƙirga ɗorawa da kaɗanya, suka shafa lamba da jan fenti a kowace ƙofa. Bakinsu da daɗi, suka ce rubutawa kawai ake yi don kada a manta da kowa. Mahaifinsa, wanda bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa a takarda, har kaza ya ba su. Bayan damina biyu motoci suka zo. Aka kai su wani fili da aka jera ɗakunan kwano iri ɗaya, ba gona kusa, ba rafi. Uban bai shekara ba ya rasu. Baba ya bi motar doya zuwa Kano. A can ya ga yadda ake dariya in ya buɗe baki, sai ya rufe shi, har Hausarsa ta zo ta fi ta 'yan gari. Ya yi aure, ya yi takardar shaidar ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, ya haifi 'ya'ya, bai koya wa ko ɗaya daga cikinsu kalma ɗaya ta yarensu ba. "Na sauƙaƙa musu," in ji shi. Sai na tuna sau nawa ni kaina na ce wa ɗalibi ya daina yi mini gwaranci. Kunya ta kama ni, amma ban faɗa masa ba.

To ni mai bincike ce, ba zan ɓoye ba, zuciyata tsalle ta riƙa yi. Ga mutumin da na zaga ƙauyuka ina neman irinsa, ashe yana nan yana dafa mini shayi. Na roƙe shi ya bari in ɗauki muryarsa. Ya ce to. Washegari na zo da rikoda da shuɗin fayil ɗina, na zaro takardar amincewa. Dokar bincike ce, kuma doka ce mai kyau: ba a amfani da maganar mutum sai ya sa hannu cewa ya yarda. Na ajiye ta a kan yadin da ke gabansa, na miƙa masa biro, har da murmushina na ce, "Baba, ba wani abu ba ne, rubutawa kawai ake yi."

Ya dubi takardar, ya dubi fayil ɗin, ya dube ni. Ya ce, "Haka suka ce."

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ina! Bakina ya fi ƙarfina. Na ce, "Haba Baba, wannan ai don kare haƙƙinka ne. Ka sa hannu a takardar biza, ka sa a ta haya, ka sa a ta kago, sai tawa ce abin tsoro?"

Ya ce, "Waɗancan a kan kaya ne da wurin kwana. Taki a kan garinmu ce. An taɓa sa hannu a kan garinmu sau ɗaya."

Na ce, "To ai ni ba ƙasa na zo karɓa ba."

Ya ce, "Ƙasar ai an karɓe. Abin da ya rage kika zo ɗauka."

Raina ya ɓaci. Na ce in haka ne sai ya mutu da shi a ciki, tunda 'ya'yansa ma ba su sani ba. Allah ya yafe mini wannan magana. Ya miƙe ya naɗe dardumarsa ya ce, "An ji, an gode." Wata biyu cur, in na gaishe shi sai ya amsa mini kamar baƙuwa.

Shi ya nemi shiri, ba ni ba, wannan ma yana cikin abin da yake damuna. Ya aiko a ce in zo ranar Lahadi da safe da rikodar, amma in bar jakata a gida. Na je. Ya rufe shago, ya kashe fanka don kada ta yi ƙara. Lahadi biyar muka yi. Ya ba ni garin kaf: dutsen da ake hawa a hango baƙo, rafin da mata suke ɗibar yumɓu, inda ake binne tsofaffi, wace gona ce ta wane gida, yadda ake tada kunyar doya. Yana magana yana zana mini taswira da alli a jikin kwali. Ya ce sau ɗaya tak ya koma, lokacin neman fasfo. Dutsen kaɗai ya gane. Sai ya tsaya a gefen titi yana auna komai daga jikinsa, nan gidansu, can rafi, har mai gadin wani gini ya zo ya ce masa ya matsa, nan ba wurin tsayawa ba ne. Na ce, "Me ka ce masa?" Ya ce, "Na matsa."

A Lahadi ta ƙarshe ya ce, "Yau ba da ke zan yi ba." Ya gyara zama ya rufe ido, ya kama magana da yarensu. Karo na farko ke nan da na ji yaren a bakinsa, muryar ma ta canza ta koma ta saurayi. Zai faɗi 'yan kalmomi ya yi shiru, ya sake faɗin wasu ya yi shiru. Minti arba'in a haka. Na ɗauka lalube yake, yaren ya guje masa. Da ya gama na ce, "Me ka ce?" Ya ce, "Ba naki ba ne." Na ce, "Takardar fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Dakta ba kya gajiya. Bari sai bayan sallah." Sallah biyu ta wuce.

Ana cikin jiran takardun gawa na je wurin malamin da ke duba aikina, ɗan China mai haƙuri, wanda shi ma jikan manoma ne. Na gaya masa komai. Ya ce ya tausaya, amma babi na biyar, wanda na gina a kan maganar Baba, ba zai shiga kundi ba sai da sa hannu. Tunda mai maganar ya rasu, magajinsa zai iya sawa. In ba a samu ba, sai a cire babin, a kuma goge muryar a gaban shaida. Ban yi musu ba. Da ni ce a kujerarsa haka zan ce.

Babban ɗan Baba ya iso a kwana na tara, don raka gawa da rufe shago. Ma'aikacin gwamnatin jiha ne, bai girme ni da yawa ba, da wuyan ubansa sak. Muka zauna a shago ana ta fitar da yadudduka. Na duba inda kwalin taswirar yake jingine, babu shi. Tuni an naɗe kayan wani da shi an kai kwantena. Na ce, "Yaya, akwai amanar da zan gaya maka." Na gaya masa. Ban ga mamaki a fuskarsa ba. Ya ce tun suna yara sun san akwai wani abu. Akwai wata mata da takan zo Kano da doya bayan kaka, a sauke ta a ɗakin baya, su yi ta magana ƙasa-ƙasa da Baba. Sai da ya girma mahaifiyarsu ta raɗa masa cewa gwaggonsu ce, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya.

Na zaro takardar, wannan karon ba fayil. Ya karanta ta har ƙarshe ya ajiye. Ya ce, "Malama, aikina da takardar ɗan asalin jiha na same shi. Ƙannena biyu da ita suke karatu. Akwai wanda yake neman kujerata tun bara, takardar ƙorafi ɗaya zai rubuta."

Na ce, "Ba a sa suna, lamba ake sawa."

Ya ce, "Dattijo mai yadi a Sanyuanli shekara ashirin. Su nawa ne?"

Na buɗe baki in kawo masa maganar haƙƙi da tarihi, sai na ji ba ni da ƙarfin. An tashi kakansa daga ƙasarsa ta asali, shi kuma yana tsoron a tashe shi daga kujera don ba ɗan asali ba ne. Shekara huɗu ina rubutu a kan wannan abu, ga shi zaune a gabana, idonsa ja, ko karyawa bai yi ba. Na ninke takardar na ce, "Shike nan, Yaya. Tashi mu nema maka abinci."

Kafin ya tafi ya ce in tura masa muryar a waya, ya ji ta ko sau ɗaya. Ta asalin ta yi nauyi, ta ƙi tafiya. Akwai wadda na riga na gyara don sauƙin rubutawa, na yanke tari, na yanke ƙarar kofi, na yanke duk inda aka yi shiru, kamar yadda nake yi wa kowace hira. Ita na tura masa. A kwana na sha shida gawa ta tashi. Mako uku bayan nan, a ofishin malamina, sakatariya tana kallo, na danna na goge komai. Ban ɓoye kwafi ba. Na riga na yi wa mutumin nan laifi ɗaya, ban so in ƙara da sata. Na cire babi na biyar na sake jera lambobin shafi. Na fito na zauna a kan benci har ƙafata ta yi tsami. Ban yi kuka ba, gajiya ce kawai.

Allah ya jiƙanka Baba, ya yafe maka, ya yalwata maka makwanci a ƙasar Kano da ta karɓe ka. Ya saka maka da kunun nan da kwana ukun nan. Ni kuma ka yafe mini bakina.

Watan jiya babban ɗan ya kira ni, la'asar ce a nan, safiya ce a gida. Ya ce ya ɗauki hutun kwana uku bai gaya wa kowa ba, ya nemo garin nan na ɗakunan kwano. Gwaggon tana raye, ta makance, ga shi nan zaune a gabanta. Wata jikarta ce take yi musu tafinta. Ya kunna mata minti arba'in ɗin nan na yare, waɗanda suka koma sha biyar a hannuna.

Ya ce, "Malama, kin san me yake yi?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ba labari ba ne, gaisuwar safe ce. Ya fito daga ƙofar gidansu yana bin tsohon garin gida-gida, yana kiran kowane maigida da sunansa yana tambayar kwana. Gwaggo ta gane tun daga gidan farko. Ta ɗaga kai za ta amsa, sai ya wuce gida na gaba. Ta sake buɗe baki, ya sake wucewa. Yanzu ta ce in kashe. Wai me ya same shi a Kano? Ba haka aka koya musu ba. In ka gaida mutum sai ka tsaya ya amsa."

Shirun nan da na ɗauka mantuwa ce, na bi shi ɗaya bayan ɗaya na yanke, ashe jira yake a amsa masa. Na ce, "Yaya, ni ce. Wallahi ya tsaya, a kowane gida ya tsaya, ni na cire. Don Allah ka gaya mata ba laifinsa ba ne." Na ji yana gaya wa jikar, na ji jikar tana gaya wa tsohuwar. Sai ya ce zai sake kirana.

Washegari ya kira. Ya ce, "Takardarki dai ba zan sa hannu ba, ki yi haƙuri. In ta'aziyya za ki rubuta masa ki rubuta, kada dai ki sa suna." Na ce na ji. Na ce, "Gwaggo fa?"

Ya ce, "Na mayar da muryar farko. In Baba ya gaida gida ɗaya, sai in tsayar da shi da yatsana. Gwaggo ta amsa a madadin masu gidan, ta gaya masa wanda ya mutu da wanda ya rage. In ta gama sai in sake shi ya wuce gaba."

Na ce, "Kun gama?"

Ya ce, "Da hantsi muka fara. Sai da aka kira la'asar muka kai gidan ƙarshe."